Kaza da agwagwa a gida ɗaya: kowace da ɗakinta, kowace da ruwanta

Darasinmu na wanga karo ba na shanu ba ne, ba na raƙuma ba ne. Na ƴan tsuntsayen nan ne da ke yawo tsakar gida, waɗanda maigida ba ya ƙidaya su cikin dukiya sai ranar da baƙo ya sauka, ko yaro ya kwana da zazzaɓi ana neman kuɗin magani. Galibi na mata ne da yara. Don haka wanda ya iya karatu, in ya gama, shi karanta ma uwargida, don ita ce za ta yi aiki da mafi yawan abin da ke ciki.

Nan cikin Dallol Bosso Allah ya ba mu ruwa kusa. Daga Bonkuku zuwa ƙauyukan da ke kewaye, garka ta yi yawa, rijiya ta yi yawa, ana noman kwambitar da kabeji da sauran kayan rani. Inda ruwa ya samu kuwa agwagwa tana samun wurin zama. Gidaje da dama yanzu suna da kaji da agwagi tare, kuma ba laifi ba ne, riba ce. Laifin da nike gani kullum in na shiga gidajenku guda ne: ana tura su akurki ɗaya da dare, ana aje musu kwanon ruwa ɗaya da rana. A kan wanga za mu tsaya.

Ku san agwagwarku

Agwagwar da muke kiwo, mai jan tsiro a fuska, wadda namijinta ba ya kuka sai huci, asalinta daga Amurka ta Kudu da ta Tsakiya take. A can kan itace take kwana. Shi ya sa tana da farce, tana tashi sama har bisa danga, kuma ba dole sai da tabki take rayuwa ba. Abin da take bukata shi ne ruwan da za ta tsoma kanta duka, ta wanke hanci da ido. In ba ta samu ba, hancin ya toshe da dusa, ido ya yi kwantsa.

Tana da ƙarfin jini fiye da kaza, tana cin ƙuda da tsutsar sauro da ɗanyen haki, kuma uwa ce ta ƙwarai. Amma duk inda ta zauna sai ta jiƙa shi. Kashinta ruwa ne. Kwanon da ta sa baki a ciki, kafin ka juya ya koma caɓi. Kaza kuwa tsuntsuwar busasshen wuri ce: ta yi birgima cikin turɓaya, ta hau bisa ta kwana. Ɗiyan kaji in sunka yini bisa danshi da kashin agwagwa, zawo ke kama su, wani lokaci har da jini, ka gan su sun saki fiffike sun taru wuri guda.

Abu na biyu ya fi wanga muni, kuma shi ne mutane ba su yarda da shi ba sai sun gani.

Annobar lokacin dari

Kowa ya san ciwon nan da ke share kaji in iskar hunturu ta taso, ko da wane suna kuke kiransa a garinku. Mu ma'aikatan kiwo muna ce da shi cutar Niyukasal, sunan wani gari na Ingila inda anka gano ta wajen 1926, lokaci guda da tsibirin Jaba na ƙasar Indunusiya. Kaza ta yi lagwas, ta kumbura gashi kamar mai jin sanyi, ta daina ci. Kashi ya koma kore shar. Numfashi da ƙyar, baki buɗe, majina na zuba. Wadda ta daɗe ba ta mutu ba sai wuya ya murɗe, ta dinga juyi tana faɗuwa. In ta shiga gidan da ba a yi allura ba, cikin kaji goma da wuya biyu su tsira. Tana kama zabbi da tantabaru da talo-talo.

Ba ta da magani. Ku ji da kyau: ba ta da magani. Kafso ja da rawaya da ake fasawa cikin ruwa, barkono, ɓawon maɗaci, duk na gani ana ba su. Kazar da ta tashi bayan haka, da ma Allah ya yi za ta tashi. Ƙwayar da ke kawo ciwon ba irin wadda kafso ke kashewa ba ce.

To ina ruwan agwagwa? Agwagwa tana ɗaukar ƙwayar cutar nan cikin jikinta, tana zubar da ita cikin kashi da cikin ruwan sha, ita kuwa tana tafiyarta lafiya lau. Wata shekara cikin watan Disamba an kira ni wani gida. Maigidan ya samu zakara da araha a kasuwa, ya kawo, ya sake shi cikin kajin matansa. Bai ko tambayi abin da ya sa mai shi ke gaggawar sayarwa ba. Kafin sati biyu ba kaza ko ɗaya a gidan, sai agwagi huɗu. Uwargidan don baƙin ciki ta ɗauki biyu ta kai ma ƙanwarta a wani ƙauye, ta ce a riƙe mata su can inda babu ciwo. Bayan kwana goma sai ga saƙo daga can ɗin ma. Da na ce musu agwagin ne sunka kai cutar, dariya anka yi mini, wai abin da bai yi ko atishawa ba yaya za shi kashe kaza.

Daga wanga labari ku riƙe abu biyu. Duk tsuntsun da ya shigo gida, ko daga kasuwar Baleyara ta ranar Lahadi, ko daga Filinge, ko kyauta ce daga surukai, ko naka ne da ka kai kasuwa bai sayu ba ka maido shi, a ɗaure shi nesa da sauran har kwana 15, da kwanonsa dabam. In agwagwa ce, ko bayan kwanakin kar ta haɗa ruwan sha da kaji. Na biyu, in ciwo ya shiga gidanka, kar ka fid da tsuntsu ko ɗaya zuwa wani gida ko kasuwa. Na san abin da ke ran mutum a lokacin: in sayar kafin su mutu in rage asara. Asarar ce kake ɗauka ka kai ƙofar ɗan uwanka, kuma watarana ta wannan hanyar za ta dawo maka.

Allurar rigakafi

Abin da ke tsare kaza shi ne rigakafi, kuma kuɗinsa ga kaza guda ba ya wuce na ƙwai ɗaya ko biyu. Iri biyu ne za ku fi gamuwa da su. Akwai na allura, irin su ITA-NEW, fari kamar madara: ana girgiza kwalbar, a yi ma babbar kaza rabin mililita a tsokar ƙirji ko ƙarƙashin fata, yana tsare ta kamar wata shida. Akwai na ɗigawa a ido, wanda ake kira I-2, da anka ƙirƙiro a ƙasar Ostareliya musamman don kajin ƙauye: ɗigo ɗaya a ido ɗaya, ga babba ga ƙarami, har ɗan tsakon da anka ƙyanƙyashe jiya. Shi ana maimaita shi kowane wata huɗu, sau uku ke nan a shekara. Ya fi ɗayan jure zafi, amma jurewa ba ta nufin a aje shi a rana.

Lokaci shi ne kan magana. Rigakafi ba ya fara aiki sai bayan sati biyu, na allurar ma har uku. Ke nan wanda ke son kajinsa su ƙetare dari, cikin Oktoba ko farkon Nuwamba za shi yi, ana cikin yankan hatsi, kafin iska ta juyo. A sake cikin Fabrairu ko Maris. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mafi yawanku ba ku zuwa nemanmu sai kajin maƙwabci sun fara faɗuwa, a lokacin kuwa taku ma ta riga ta sha cutar, tana jiran ta bayyana.

Ni kaina na yi wanga kuskure shekarar da na fara aiki. An matsa mini, na ji kunyar in ce a'a, na yi ma kajin wata unguwa allura alhali annoba na gidan da ke bayansu. Sunka mutu kamar yadda da ma za su mutu, amma sai anka ce allurata ce ta kashe su. Shekara uku mutanen unguwar nan na ɓoye kaji in sun ji ƙarar babur ɗina. Tun daga ranar ba ni taɓa kazar da ba ta da lafiya da allurar rigakafi, ba ni kuma yin ta a unguwar da ciwo ya riga ya shiga. In wani ya ƙi yi muku a irin wanga hali, ba ƙeta ba ce.

Ku duba yadda mai allurar ya ɗauko maganinsa. In cikin akwatin sanyi ne, madalla. Na ɗigawa in babu akwati ana naɗe shi cikin jiƙaƙƙen tsumma a sa cikin kwando mai shan iska. Wanda ya fiddo kwalba daga aljihun riga da tsakar rana, ku ba shi haƙuri. Ku kuma taimake shi: ranar da anka sa, kar a buɗe akurki da safe. Kwalba guda ta kaji da yawa ce, in an buɗe ta ba ta jira, don haka a haɗu unguwa guda a yi rana ɗaya. Zabbi ma a kama su tun da dare. Agwagi ba a saba yi musu wagga allura ba. Nasu rigakafin shi ne raba su da kaji.

Akwai wata cutar da ta yi kama da wagga, ta kuma fi ta haɗari don tana iya kama mutum: murar tsuntsaye. Farkon shigarta Nijar cikin Fabrairu 2006 ne, a Magarya, kuma a jikin agwagin gida anka tabbatar da ita. Ta sake ɓulla a Yamai cikin 2021. Allurar Niyukasal ba ta tsare ta. Alamarta kaji su zube da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, kai ya kumbura, tukku ya yi shuɗi, ƙafa ta yi ja kamar jini ya kwanta. In agwagi ma na mutuwa tare da kaji, ko kajin da anka yi ma allura da kyau sunka zube, kar a yanka, kar a fige, kar yara su taɓa. A gaya ma sarwis ɗin kiwo a ranar, mu ɗebi abin awo mu aika LABOCEL a Yamai. Tsuntsayen ruwa na daji da ke sauka bisa tabkuna lokacin sanyi suna cikin masu yawo da ita, shi ya sa ba mu son agwagin gida su yini can su dawo da marece cikin kaji.

Ɗaki biyu, ruwa biyu

Ba sai ka sayi siminti ko kwano ba. Laka da kara da zana sun isa. Na kaji shi zama bisa ɗan tudu inda ruwa ba ya kwanciya, da tsawon da mutum za shi iya sunkuyawa ya shiga ya share. Ƙananan akurkan nan da hannu kaɗai ke shiga, ba a taɓa share su, su ne gidan ƙuma. Ƙofa ta dubi yamma ko kudu, tunda hadari da iskar hunturu duka daga wajen gabas suke zo mana. A bar ƴan tagogi can sama, ƙanana yadda muzuru ba shi shiga. A gitta sanduna kamar kamu biyu daga ƙasa, kowace kaza ta samu wurin da ya kai taƙi guda. Faɗin mita ɗaya tsawon mita biyu ya ishi kaji goma kwana.

Na agwagi shi zama can wani gefen gida, in da hali wajen da ruwan gidan ke gangarawa, don kada caɓinsu shi bi ta wurin kaji. Su a ƙasa za su kwana, sai a zuba musu yashi da ƙaiƙayi ko busasshen haki, a canza in ya jiƙe. Uku cikin mita ɗaya, kar a wuce. Wadda ke yawan tashi a rage mata dogayen gashin fiffike ɗaya da almakashi, ɗaya kawai, ba ya mata ciwo.

Ruwan agwagi: a yanka tsohon bido ko tayar mota gida biyu, a binne rabi cikin ƙasa, a jingina dutse ko katako ciki yadda ƙanana za su iya fitowa. A zubar a sake kullum, in ba haka ba ka yi ma sauro gida. Dabarar da na gani wajen wata tsohuwa ta burge ni: ta aje nata gindin zogala da lemun tsami, kowace safiya ta kife musu ruwan jiya. Itacen nan sun fi na kowa kore a unguwar.

Ruwan kaji kuwa a ɗora shi bisa tubali, cikin inuwa, a cikin abin da agwagwa ba ta iya sa kai: a kife tulu ko gwangwani mai ƴar huda kusa da baki bisa faranti, ruwa na fitowa kaɗan-kaɗan. Ko a kewaye kwanon da karare a tsaye, tsakaninsu iyakar wuyan kaza. Kaza guda na shan kamar rubu'in lita a yini, cikin bazara ninki biyu. Kaji goma ke nan lita biyar cikin watan Afrilu. Kajin da ke bin bakin rijiya da makwararar wanka don ƙishirwa, can suke kwaso tsutsar ciki.

Game da ƙwarin jiki: in kaji sun ƙi shiga akurki da marece, sun rame, tukku ya yi fari, ka ɗauki fitila da dare ka haska tsagar bango. Za ka ga wata kaska mai faɗi, ba ta zama jikin kaza da rana, da dare take fitowa ta sha jini ta koma. A liƙe tsagogin da laka, a shafe da farar ƙasa, a babbake sandunan bisa wuta. In akurkin kara ne ya cika da su, a ƙone shi a yi sabo. Ƙumar da ke manne gefen ido a shafa mata man shanu ko man kaɗe. Kar a sa kananzir. A tara musu toka da yashi a wani lungu su yi birgima. Na tsutsar ciki akwai ƙwayar VPV, guda ɗaya ga nauyin kilo biyu, kajinmu na gida galibi rabi ya ishe su. A ba su farkon damana da ƙarshenta.

Kwanci da ƙyanƙyasa

Kaza kwana 21 take yi bisa ƙwai. Zabuwa 26 zuwa 28. Agwagwarmu kwana 35, sati biyar cif. Mutane da yawa na zubar da ƙwan agwagwa a kwana talatin wai ya lalace, alhali ɗan na ciki da rai. Saboda wanga bambanci kar a haɗa ƙwai iri biyu ƙarƙashin uwa ɗaya rana ɗaya: na kaza su fashe, uwar ta tashi da su, sauran su huce.

Kaza a sa mata ƙwai 10 zuwa 12, waɗanda ba su wuce kwana goma da nasawa ba, ba a wanke su ba, an aje su wuri mai sanyi kamar gindin randa. Agwagwa na rufe 12 zuwa 15 ba wahala. Ƙwanta a bar mata abinta, don kaza kan gaji kafin sati biyar, kuma ƙwan agwagwa na son ɗan danshin da uwar ke kawowa a gashinta in ta je ta yi wanka ta dawo. Ke nan kar a hana mai kwanci ruwa. A kwana na goma a haska kowane ƙwai da tocila cikin duhu. Mai ɗa za ka ga jijiyoyi ja kamar saƙar gizo. Wanda ya fito fes ba komi, a fid da shi.

Zakara ɗaya ya ishi kaji goma. Namijin agwagwa ɗaya ya ishi mata biyar. Sauran mazan abinci kawai suke ci suna faɗa, su ne na sayarwa da na yanka. Namijin agwagwa da ba shi da isassun mata yana bin kaji yana danne su har shi karya su, yana kuma kashe ƴan tsaki. Kowace shekara biyu a sake zakara da na wani gari don jini kar shi yi kusa, a tuna da kwana 15 ɗin nan.

Cikin zafin Afrilu da Mayu ƙwai ba ya ƙyanƙyasuwa da kyau. Na lokacin a ci, a sayar. A ba yara ma. Zancen wai yaron da ke cin ƙwai ɓarawo za shi zama, ni dai ɗiyana suna ci, har yau ba a kawo mini ƙara ba.

Watan farko

Bayan annoba, inda kuke asara mafi yawa shi ne nan. Kaza ta fito da ɗiya goma, bayan wata biyu saura uku. Shirwa ta ɗauki nata, hankaka da muzuru sun ɗauki nasu, raɓar safiya da ƙishirwa sun gama da saura. Maganin abu ne mai sauƙi: babban kwando ko keji na kara mai faɗin mita guda, a kife uwar da ɗiyanta ciki har sati huɗu, cikin inuwa, kowace safiya a gusa shi zuwa wuri mai tsabta. Cikin dari a rufa masa buhu da dare. Ruwansu cikin faranti marar zurfi da ƴan tsakuwa ciki.

Tunda ka tsare su, ciyarwa ta hau kanka. Awo huɗu na tsakin hatsi ko dawa, awo ɗaya na dakakken ƙuli-ƙuli ko soyayyen wake, ɗan garin busasshen kifi in akwai, ɗan garin ganyen zogala, da ƙonannen ƙashi ko ɓawon ƙwai da anka gasa anka daka. Sai gara. Ku makiyaya kun fi kowa kayan kama ta: a cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da guntayen kara, a yayyafa ruwa, a kife ta bakin hanyar gara da marece, a rufa mata tsumma. Da sassafe kafin rana ta yi zafi a ɗauko a zazzage musu. Tukunya uku ko huɗu ana juyawa sun riƙe ɗiyan kaza biyu.

Ɗiyan agwagwa kuma, abin mamaki, ruwa ke kashe su. Gashinsu na farko ba ya tare ruwa sosai, in sunka faɗa bokiti ko ramin ban ruwa mai gefe a tsaye, sai su yi ta iyo har su gaji su nutse, ko su fito sanyi shi kama su. Sati uku na farko ruwan da za su tsoma kai kawai. Abincinsu a dama shi da ɗan ruwa, gwargwadon abin da za su cinye nan take, don in ya yini yana tsami. Kuma kar a kuskura a ba su gyaɗa ko ƙuli-ƙuli ko dusar da ta yi funfuna. Dafin funfuna yana lalata hanta, kuma cikin tsuntsayen gida duka ba wanda yake kashewa da sauri kamar ɗan agwagwa. Abin da ka ga ya yi kore ko baƙi, ko yana warin ruma, a binne shi.

Manya da ke kiwon kansu, cikin hannu guda na hatsi ko dusa ga kowace da safe, wani da marece a bakin akurki, shi ke koya musu dawowa gida. A zuba ma agwagi nasu can wurinsu tukuna, in ba haka ba da faffaɗan bakin nan za su kwashe na kaji kafin kaza ta yi tsattsaga uku. Da kaka abinci ya wadata a masussuka. Cikin rani da bazara ne za ku ƙara hannu, ko ku rage yawansu tun da sauran ƙiba.

Garka da garke

Sake kaji cikin garken shanu da awaki abu ne mai kyau, suna tsince kaska da tsutsar ƙuda. Amma ranar da kunka fesa ma dabbobi maganin kaska, a kulle tsuntsaye har wurin shi bushe, kuma kar su sha ruwan da ya kwanta. Haka gishiri da kanwar da kuke jiƙa ma dabbobi: abin da saniya ke lasa ta ji daɗi, kaza in ta sha ruwansa da yawa mutuwa take.

Masu garka, ku kula da takin zamani. Ƙwayar ure fara ce ƙanana, kaza na ɗaukarta tamkar tsaki. Hatsin iri da anka cuɗa da garin magani, da gwangwanin maganin ƙwari da anka wanke bakin rijiya, duka na ga sun kashe tsuntsaye. Kwambitar da ta ƙi sayuwa abinci ce mai kyau ga agwagi in an dafa ta, amma wadda ta yi kore ko ta tsiro, da ganyenta, akwai dafi ciki, kar a ba su. In tabki ya fara ƙafewa yana wari, ko akwai mushe kusa da tsutsa ciki, a hana agwagi zuwa. Wadda ta ci za ka tarar da ita kwance, wuya ya saki ba ta iya ɗaga kai. A maido ta inuwa a dinga ɗura mata ruwa mai tsabta a hankali, wasu na tashi.

Kashin da kuke sharewa daga ɗakunan nan biyu ya fi na shanu ƙarfi. Ɗanyensa na ƙone shuka. A tara shi cikin rami da haki da toka, a yayyafa ruwa, bayan wata biyu a kai garka.

Tsuntsun da ya mutu da ciwo kar a jefa shi bayan danga, kare da hankaka za su raba shi gida-gida. A ƙone shi, ko a binne shi da gashinsa da kayan cikinsa a rami mai zurfin mita guda, a zuba toka. A nan dallol ruwa na kusa da sama, don haka ramin a gina shi can bisa tudu, nesa da rijiya. Wanda ya ɗauka shi sa hannu cikin leda, shi wanke da sabulu bayan ya gama. Akurkin a share, a ƙone shimfiɗar, a shafe da farar ƙasa, a bar shi wata guda babu kowa kafin a kawo sabbi.

Kafin ƙarshen watan nan kowace unguwa ta zaɓi mace ɗaya ta bi gida-gida ta ƙidaya kaji da zabbi, manya da ƙanana, ta kawo lissafin wurin ma'aikacin kiwo mafi kusa da ku ko mai allurar ƙauyenku, don a san yawan kwalaben da za a ɗauko a kuma sa rana. Masu tafiya da dabbobi mashekari su faɗi inda za a same su. Darasi mai zuwa a kan zabbi ne, da abin da ke kashe ɗiyansu cikin damana.